Malam Mukhtari Zuberu da Ruwan da Bai Rubuta Ba

Haihuwa da asali

An haifi Malam Mukhtari Zuberu a Zongon Kumasi a ƙarshen watan Afrilu na shekarar 1956, wanda ya yi daidai da watan Ramadan na shekarar 1375 bayan Hijira. Mahaifinsa, Malam Zuberu ɗan Rafi'u, maƙerin kwano ne mai yin bokiti da mazurari da indararon rufin gida. Mahaifiyarsa, Asama'u, tana dafa sabulun alata da tokar ɓawon koko da man alayyadi, sana'ar da ta yi shekara arba'in tana yi a tsakar gida guda. Mukhtari shi ne na uku a cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji da ya rayu.

A shekarar da aka haife shi mahaifinsa ya kafa wani babban duron ƙarfe a ƙarƙashin indararon ɗakin tsakiya domin tarar ruwan sama, saboda famfon unguwa yakan yi kwanaki bai kawo ruwa ba. Matan gidan suka keɓe ruwan duron nan ga wanki da dafa sabulu. An ambaci duron tun da wuri ne domin da shi rayuwar wannan bawan Allah ta tashi, da shi ta faɗi, kamar yadda zai zo a gaba.

Karatu

An sa shi makarantar allo a 1962, an kuma kai shi ta boko a shekarar da ta biyo, ya riƙa haɗa biyun har ya sauke Alƙur'ani a 1971. Ya gama midil a 1973, sannan ya yi shekara uku a wata makarantar fasaha inda ya koyi awo da harhaɗa sinadarai. Waɗanda suka yi karatu tare da shi sun haɗu a kan abu biyu: ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma ba a taɓa jin ya ce bai sani ba. Na farkon falala ce. Na biyun cuta ce, kuma ba a yi masa maganinta da ƙuruciya ba.

Aiki

A 1977 aka ɗauke shi mataimaki a wani ɗakin gwajin duwatsu da ke wajen unguwar Oforikrom, wanda yake auna wa masu haƙar ma'adinai samfurin da suka kawo. A nan ya koyi aikin da ya zama sanadin shahararsa da tozartarsa, wato raba ma'adini da yashi ta hanyar kumfa. Yadda ake yi shi ne, a niƙa dutse ya zama gari, a dama shi da ruwa a cikin kwano mai zurfi, a zuba wani sinadari mai kama da sabulu, sannan a hura iska daga ƙasa. Ƙwayoyin ma'adinin da ake so sukan kama sabulun su manne wa kumfa su taso sama, a kwashe su, yashi da tarkace kuwa su kwanta a gindi. Ya yi shekara ashirin da biyu a wannan ɗaki ba tare da an taɓa mayar masa da awo ba.

Aure da shekarar yunwa

A watan Disamba na 1981 ya auri Safiatu, 'yar wani ƙauye a arewacin Ghana, wadda ta zo Kumasi wajen goggonta tana da shekara goma sha biyar. Ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya. Ta koyi dafa sabulu a hannun surukarta, ta gaji tukunyarta bayan rasuwarta, ta kuma riƙa kai sabulun zuwa kasuwar Race Course tana sayar wa matan da ke saro kaya zuwa ƙauyuka.

An haifa musu ɗan fari, Shakiru, a 1982. A shekarar 1983 aka yi fari da gobarar daji da yunwar da duk wanda ya kai shekara hamsin a ƙasar nan yake tunawa, kuma a cikinta yaron ya rasu bai cika wata goma sha huɗu ba. Malam Mukhtari bai cika maganar wannan rasuwa ba. Abin da aka gani shi ne, daga wannan shekara ya koma karanta duk abin da ya samu a kan takin zamani, musamman fosfat, sinadarin da ke sa saiwa ta kama ƙasa, hatsi ya yi ido. Daga baya Allah ya ba su Rashid a 1985, Nasira a 1987, Nuriyya a 1990, da Fataw a 1994.

Gwaji a bayan gida

A 1991 wani direban babbar mota ya kawo masa buhu biyu na wani dutse mai ruwan toka daga wani tsauni a ƙetaren iyakar arewa. Da ya auna, ya tarar akwai fosfat a ciki, amma kashi goma sha biyu ne kacal a cikin ɗari, alhali masu yin taki ba sa kallon dutsen da bai kai kashi talatin ba. Irin wannan dutse ana iya tsarkake shi da kumfa, sai dai sinadarin da ake buƙata daga Turai ake kawo shi. Malam Mukhtari ya yi tunanin cewa sinadarin nan a asalinsa sabulu ne, sabulu kuwa ga shi ana dafawa a tsakar gidansa.

Ya kafa rumfar kwano a bayan gida. Ya haɗa na'urarsa da bokitin ƙarfe, da injin tsohuwar fanka, da famfon hura taya. Daga 1991 zuwa 1996, duk Asabar da Lahadi tsakanin hantsi da Azahar, yana cikin rumfar nan. Ya yi gwaji ɗari biyu da goma sha huɗu, ya cika littafi bakwai. Ya rubuta nauyin gari, da laushin niƙa, da yawan sabulu, da daƙiƙoƙin da iska ta yi tana shiga, har da sitacin rogo da yake ɗan zubawa domin jar ƙasa ta kwanta. A ƙarshe kumfarsa ta riƙa tasowa da fosfat mai kashi talatin da ɗaya.

Abu guda ne bai rubuta ba a duk littattafan nan bakwai. A gurbin ruwa yakan sa: “Ruwa, lita biyar.” Bai taɓa faɗin wane ruwa ba. Ruwan kuwa daga duron mahaifinsa yake ɗiba, domin shi ne kusa da rumfa, kuma tun yana yaro ya ga ana ɗibarsa bai taɓa tambayar me ya sa mata suke hana a taɓa shi sai don wanki ba. Wannan ba ƙarya ba ce, sakaci ne, kuma raina aikin mata ne ya haife shi.

Tafiya arewa

A farkon 1998 wani kamfanin Turawa da ya karɓi izinin haƙa a tsaunin nan ya samu labarinsa, ya sa ya aiko samfuri, sannan ya gayyace shi ya nuna hanyarsa a bakin ramin. Labari ya bazu a Zongo. Aka yi masa addu'a a masallaci, aka fara kiransa Injiniya.

Nasira, wadda take da shekara goma sha ɗaya a lokacin, ta tabbatar da abin da ya faru da safen tafiyar. Yana ɗaure jaka a bakin ƙofa Safiatu ta miƙo masa ƙullin kanwa ta ce, “Baban Rashid, ko ka tafi da ruwanka, ko ka tafi da wannan. Ruwan arewa ba ya son sabulu koraa, ko kaɗan. Ni a can aka haife ni.”

Ya dubi ƙullin bai karɓa ba, ya ce, “Maman Rashid, tuwo zan je dafawa? Ki tsaya a wankinki. Wannan aikin ilimi ne.”

Ta ce, “To, Allah ya kiyaye hanya.” Ta mayar da kanwarta cikin kwano.

A bakin ramin, da ruwan rijiyar burtsatse ta kamfanin aka yi gwajin, a gaban injiniyoyi shida. Kwana uku a jere yana zuba sabulu yana hura iska, kumfa ba ta tashi ba. Abin da ya taso shi ne wani farin gudaji kamar madarar da ta tsinke, kuma da aka auna shi bai wuce kashi goma sha huɗu ba. Ya ƙara sabulu, ya canza niƙa, ya zargi injin. Bai zargi ruwa ba, kuma injiniyoyin, da yake tun farko ba su ɗauke shi da daraja ba, ba su tsaya bincike ba. Suka rubuta takarda cewa samfurin da ya aiko musu daga Kumasi ba zai yiwu ya fito daga wannan hanya ba, cewa takin kanti ya cakuɗa a ciki domin ya yaudare su.

Shekarun zargi

Kwafin takardar ya isa wurin aikinsa, aka sallame shi a watan Fabrairu na 1999, domin ɗakin awo ba ya riƙe mutumin da aka ce yana taɓa samfuri. A Zongo Injiniya ya koma Injiniya Kumfa. In ya wuce majalisar masu shayi, sai wani ya ɗaga kofi ya ce, “Chale, abokina, a ƙara kumfa, ga mai ita nan.” Mutanen da ba su san bambancin fosfat da gishiri ba su suka fi kowa ƙwarewa a wannan ba'a, kuma da yawansu sun yi sahu ɗaya da shi a ranar da aka yi masa addu'ar tafiya.

Abin da ya fi sallamar aiki zafi ya faru a 2001. Kafin nan, duk ɗaurin aure ko rabon gado a layinsu, Malam Mukhtari na cikin shaidu, saboda an san ba ya ƙari ba ya ragi. A wani ɗaurin aure a wannan shekara, da liman ya kira sunansa, Alhaji Rafiu mai sayar da kayan mota, waliyyin amarya, ya ce a gaban jama'a, “Liman, a nemo wani. Wanda ya iya cakuɗa wa Turawa gari, ba zan ɗora auren 'yar ƙanena a kan bakinsa ba.” Liman ya kira wani. Malam Mukhtari ya ɗauki takalmansa ya fita. Daga ranar ba a ƙara kiransa shaida ba har shekara goma sha shida.

Ya sa wa rumfar kwaɗo. Ya koma gyaran batirin mota a Race Course, nesa kaɗan da inda matarsa take kasa sabulu, kuma gaskiyar magana ita ce sabulun ne ya riƙe gidan ya kuma kai yara makaranta. A duk tsawon wannan lokaci yana rantsuwa cewa bai yi ha'inci ba, kuma gaskiya yake faɗa, amma ya kasa bayyana dalilin da gwajin ya ƙi. Ya zargi hassada, ya zargi injiniyoyin, ya sha rubutu. Bai taɓa juyawa ya tambayi matar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Ita ma ba ta maimaita ba. Da Nuriyya ta girma ta tambaye ta dalili, sai ta ce, “Na faɗa sau ɗaya, aka ce in tsaya a wankina. To, na tsaya.” Wannan shiru nata ma ba abin yabo ba ne gaba ɗaya, amma laifin wanda ya rufe mata baki ya fi girma.

Rijiyar ƙauye

A watan Maris na 2016 mahaifiyar Safiatu ta rasu, suka tafi ta'aziyya ƙauyensu. Tun aurensu bai taɓa yin fiye da wuni ɗaya a can ba, wannan karon ya yi kwana bakwai. A rana ta huɗu da hantsi ya je bakin rijiya zai wanke hularsa da kansa. Ya goga sabulun matarsa, kumfa ta ƙi, sai farin gudaji ya taso a kan ruwan, irin wanda ya tsaya yana kallo kwana uku a 1998. Wata tsohuwa mai suna Azaratu da ke wanki a gefensa ta ga ya daskare, ta ce, “Baƙon Kumasi, haka za ka tsaya har Azahar? Ruwanmu zartsi ne, sai da kanwa.” Ta marmasa 'yar kanwa a wani bokiti, ta bari ya kwanta, ta tsiyaye masa. Ya goga sabulu, kumfa ta cika hannunsa.

An ce ya zauna a bakin rijiyar har aka kira salla. Da ya koma masauki ya ce wa matarsa, “Safiatu, kin san ruwan nan yana kashe sabulu?”

Ta ce, “Ei, Baban Rashid. Shekara goma sha takwas ke nan na gaya maka, kana ɗaure jaka.”

Ya dawo Kumasi da jarka huɗu na ruwan rijiyar a saman mota.

Buɗe rumfa

Nuriyya a lokacin ta gama digirinta a fannin sarrafa ma'adinai. Ita ta auna ruwan, ta tabbatar yana ɗauke da farar ƙasa narkakkiya mai yawa, wadda take kama sabulu ta dunƙule shi kafin ya kai ga ƙwayar fosfat. Ruwan sama ba shi da ita, kanwa kuma tana kwantar da ita. Ta gaya masa cewa wannan abu sananne ne a littattafai, kuma manyan masana'antu suna gyara ruwansu kafin su fara. Ya ce ya sani, ya taɓa karantawa, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa abin da ke cikin littafi shi ne abin da matarsa ta ƙulle a leda ba.

Suka buɗe rumfar, suka yi wata goma sha ɗaya suna gwaji da ragowar dutsen 1991, kashi uku: da ruwan duro, da ruwan rijiya, da ruwan rijiya mai kanwa. Safiatu ce take auna kanwar da yatsunta, Nuriyya ta ɗora a sikeli ta rubuta. Na farko ya ba da talatin da ɗaya, na biyu goma sha huɗu, na uku ashirin da tara zuwa talatin, kuma duk maimaici haka yake fitowa.

Kamfanin da ya rubuta takardar zargi ya riga ya rushe tun 2004, babu wanda zai janye ta. Saboda haka a watan Afrilu na 2017, bayan sallar La'asar, Malam Mukhtari ya tara liman da dattawan layi, har da Alhaji Rafiu, a bayan gidansa. Ya sa Alhajin ya ɗebo garin da hannunsa, ya kuma riƙe sabulun, domin kada a ce an taɓa. Aka yi gwajin uku a gabansu. Da aka gama ya tsaya ya ce, “Jama'a, ban cakuɗa komai ba, kun gani. Amma ban fita da tsarki ba. Matar nan ta ba ni maganin abin a bakin ƙofa na ce ta tsaya a wankinta. Ku shaida na nemi gafararta.”

Safiatu, daga bayan labule, ta ce, “Na yafe tun tuni. Sai dai a daina ɗibar min ruwan duro ba sallama.”

Alhaji Rafiu ya daɗe yana kallon bokitan, sannan ya ce, “Liman, ni na hana shi a gaban mutane, a gaban mutane zan mayar.” Bayan wata biyu, a ɗaurin auren ɗan Alhajin na cikinsa a Asokore Mampong, sunan Malam Mukhtari aka fara kira a cikin shaidu.

Ƙarshen rayuwa

A 2019 aka buga sakamakon aikin a wata ƙaramar mujallar bincike. Ya ƙi yarda a fitar da shi sai da sunan Safiatu a gaba, na Nuriyya na biyu, nasa na ƙarshe. Da masu mujallar suka tambayi wace jami'a marubuciya ta farko take, ya sa aka rubuta musu: mai dafa sabulu, Zongon Kumasi.

Wajibi ne a faɗi abin da bai samu ba, domin tarihi ba wurin lallashi ba ne. Ba a gina masana'anta ba. Tsaunin yana nan yadda yake, kuma ko buhu ɗaya na taki bai fito daga aikinsa ya shiga gonar kowa ba. Damar da ta zo a 1998 ba ta sake zuwa ba, shi ma ya san haka, yakan ce ƙullin kanwa ɗaya ne ya raba shi da ita. Abin da ya dawo masa shi ne shaidarsa, kuma a shekaru takwas na ƙarshe ya shaidi aure da gado fiye da yadda ya yi a farkon rayuwarsa. Ya sauke farali tare da matarsa a 2022. Kafin idonsa ya raunana ya bi littattafan nan bakwai shafi-shafi da jan biro, duk inda ya rubuta “ruwa” ya ƙara “na sama, daga duron Safiatu”, wuri ɗari biyu da goma sha huɗu.

Rasuwa da jana'iza

Ciwon ƙoda ya kwantar da shi a farkon 2025. Allah ya karɓi ransa a gidan da aka haife shi da safiyar Juma'a, 23 ga Mayu 2025, daidai da 25 ga Zulƙida 1446, yana da shekara sittin da tara. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, duron ya cika. Bisa wasiyyarsa, da ruwan duron da sabulun gidan aka yi masa wanka, kuma Safiatu ce ta ɗebo bokiti uku da hannunta ta ajiye wa masu wankan a bakin ƙofa. An sallace shi bayan Juma'a, aka binne shi a maƙabartar Tafo. Wasu daga cikin masu kiransa Injiniya Kumfa suna cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma Allah ne ya san wanda ya nemi gafararsa a cikinsu kafin lokaci ya ƙure.

Ya bar matarsa, Hajiya Safiatu, da 'ya'ya huɗu: Rashid, direban babbar mota, Nasira, malamar makaranta a Oforikrom, Nuriyya, injiniyar ma'adinai, wadda littattafan bakwai suke hannunta, da Fataw, wanda ya gaji wurin gyaran batir. Ya bar jikoki goma sha ɗaya. Shakiru ya riga shi da shekara arba'in da biyu. Allah ya jiƙansu, ya sa shaidarsa ta ƙarshe ta zama karɓaɓɓiya.

Duron yana nan a ƙarƙashin indararo, kuma har yau babu mai ɗiba a cikinsa sai ya tambayi Hajiya.